Wa zai riƙa duba mana shafuka? Muhawara a zauren Hausawan Kamaru da Chadi

Malam Habu, Garwa: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san kan waya. Akwai shafukan intanet da ba ni da zaɓi sai na riƙa leƙa su: masu fitar da sanarwar konkur, wato jarrabawar neman shiga makaranta ko aiki, na jami'o'in Marwa da Ngaundere saboda yarana, sai wasu jaridu. Kullum ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya, mega na tafiya, galibi kuma in tarar babu sabon abu. Ranar da ban duba ba, ranar ake sa abin da nake jira. Shin babu dabarar da shafi zai sanar da mutum da kansa?

Abakar, Kusseri: Wa alaikumus salam Malam. Ku bi shafinsu na Facebook kawai, ko ku shiga zauren WhatsApp na iyayen ɗalibai. Abin da kowa ke yi ke nan.

Malam Habu, Garwa: Ina bin su, Abakar. Sai dai sanarwar Litinin takan bayyana mini ranar Alhamis, wata ma ba ta zuwa sam. Zauren iyaye kuma kafin ka kai ga saƙo mai amfani ka wuce gaisuwar Juma'a da bidiyon biki sun fi a ƙirga.

Nafisa, Ngaundere: Baba, dabarar tana nan kuma ta daɗe. Ana ce mata RSS. Bari in yi muku bayani a tsanake.

Shafuka da yawa, ban da fuskar da muke gani mai hotuna da talla, suna ajiye wani ɗan fayil a gefe wanda ba don idon mutum aka yi shi ba, don na'ura aka yi shi. A cikinsa an jera abubuwan da aka wallafa kwanan nan: kanun labari, rana da sa'ar da ya fita, adireshinsa, da taƙaitaccen bayani, wani lokaci ma labarin gaba ɗaya. Duk sa'ad da mai shafi ya sa sabon abu, fayil ɗin yana sabunta kansa.

Ku kuma abin da za ku yi shi ne ku sa manhaja guda ɗaya a waya, ku ba ta adireshin fayil ɗin kowane shafi, sau ɗaya tak. Daga nan zaryar ta koma kanta. Kamar yaron aike ne da kuka ba jerin shaguna a babbar kasuwar Garwa, ya zaga ya tambayi kowa ko sabon kaya ya sauka, ya dawo ya faɗa muku wanda ya sauka kaɗai. Kowane labari yana da lambar shaidarsa a cikin fayil ɗin, da ita manhaja ke gane wanda kun riga kun gani da wanda bai taɓa zuwa ba. Kuna buɗewa za ku ga sababbi a jere, na baya-bayan nan a sama, babu wanda ya tsallake layi don an biya masa kuɗin talla.

Hajiya Zainabu, Marwa: 'Yata, to ita wannan zaryar da take yi ba mega take ci ba? Ni nan ne damuwata.

Nafisa, Ngaundere: Tana ci, Inna, amma kaɗan ne. Rubutu zalla ne, kuma hoto ɗaya na Facebook yakan fi shi nauyi. Bayan haka, manhaja mai kyau ba ta sake sauko da fayil ɗin kowane zuwa. Tana tambayar shafin ne, ko wani abu ya canza tun zuwana na ƙarshe? Idan babu, shafin ya amsa da gajeriyar amsa mai lamba 304, shi ke nan, ba a sauko da komai ba. Kuma ku ke gaya mata lokacin fita: kowace sa'a, ko sau biyu a rana, ko sai an sami wayifai. Idan kuka hana ta ɗauko hotuna, abin da za ta ci bai taka kara ya karya ba.

Yusha'u, Marwa: Anti Nafisa, da girmamawa, wannan abin ai na zamanin da ne. Google da kansu sun rufe tasu manhajar. Firefox, manhajar buɗe shafukan intanet, ma sun cire shi. Idan da yana da amfani manyan kamfanoni ba za su yar da shi ba.

Nafisa, Ngaundere: Abin da ka faɗa ya faru, ƙanena. A kamfanin Netscape aka fara shi a 1999, wani mai ƙirƙirar manhaja, Dave Winer, ya fitar da RSS 2.0 a 2002, sannan a 2005 aka fito da ɗan'uwansa Atom, wanda aikinsu ɗaya kuma kusan kowace manhaja tana karanta su duka. Google Reader an buɗe ta a 2005, aka rufe ranar 1 ga Yuli 2013. Firefox sun cire nasu a 2018. Amma ka duba abin da ya biyo bayan sanarwar rufe Google Reader: cikin kwana biyu mutum dubu 500 suka koma Feedly, wata manhajar karanta RSS, kowa ɗauke da jerin shafukansa. Kamfani ya rufe ƙofa, abin bai mutu ba, domin ba mallakar kamfani ba ne. Ƙa'ida ce a buɗe da kowa zai iya aiki da ita ba tare da neman izinin kowa ba.

Ni a ganina, dalilin da ya sa manyan ba sa son sa shi ne dalilin da ya sa ya kamata mu so shi. Wanda ke karatu ta wannan hanya ba ya zama a dandalinsu yana jan allo da yatsa, ba a san shekarunsa ba, ba a san unguwarsu ba, da wuya a sayar masa da talla. A Janairun 2018 Facebook suka sanar a fili cewa za su rage nuna abubuwan jaridu da kamfanoni, su fifita na dangi da abokai. Wannan shawara a Amurka aka yanke ta, amma ita ke sa sanarwar da Baba ke jira ta makara a Garwa.

Muhammad Sale, Injamena: Ku ba ni dama in sa baki, domin mu nan mun ga abin da ido. Daga Maris 2018 har zuwa Yuli 2019, wata 16, an toshe WhatsApp da Facebook da Twitter a Chadi. Intanet ɗin kanta tana nan, shafukan jaridu da yawa suna buɗuwa, amma mutanen da suka saba samun komai ta Facebook sai suka zama kamar an yanke su da duniya. Masu hali suka koma VPN, manhajar da ake kewaye toshiya da ita, ita kuma tana rage gudun rezo, wato layin intanet, tana shan batir, ga tsadar mega a ƙasar nan da kowa ya sani. Wasu har gadar Ngueli suke nufa ko su tsallaka Kusseri don su kama layin Kamaru, Abakar shaida ne.

A lokacin ne wani abokin aikina ya sa mini irin wannan manhaja. Da safe in buɗe, kanun labarai na Faransanci da Larabci da Hausa su shigo, kowane harshe a jakarsa, ba tare da na bi ta dandalin da aka toshe ba. Tun daga nan ban cire ta ba. Yusha'u, abin da ka kira tsoho shi ya yi mini aiki ranar da sabon ya tsaya.

Abakar, Kusseri: Gaskiya ne mun ga mutanen Injamena a lokacin. Amma Sale, kada mu zuzuta abin fiye da kima. A 2017 da aka yanke intanet gaba ɗaya a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na Kamaru, wata uku cur, wace manhaja ce ta yi aiki a Bamenda?

Muhammad Sale, Injamena: Babu ko ɗaya. Idan aka yanke layin duka, sai rediyo. Ban ce maganin komai ba ce. Na ce idan aka rufe ƙofa ɗaya, kada ya zama ita kaɗai ka sani.

Malam Habu, Garwa: To na gamsu in gwada. Nafisa, a ina ake samun adireshin nan? Ni ban taɓa ganinsa a shafi ba.

Nafisa, Ngaundere: Kun taɓa gani, Baba, ba ku dai kula ba. Wata 'yar alama ce mai ruwan lemo, da ɗigo a kusurwa da layuka biyu masu lanƙwasa, yawanci a can ƙasan shafi. Yanzu da yawa sun daina nuna ta, amma fayil ɗin yana nan. Hanya mafi sauƙi, ku kwafi adireshin shafin yadda yake ku liƙa a manhajar, ita za ta nemo da kanta. Idan ta kasa, ku ƙara /feed a ƙarshen adireshin. Sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya da WordPress, wani tsarin gina shafi, aka gina su, shi kuma yana samar da wannan fayil ko mai shafin bai sani ba. Na shafukan da aka gina da Blogger, wani tsarin irinsa, kuma /feeds/posts/default ne za ku ƙara. BBC Hausa suna da nasu, haka kowace tashar YouTube tana da nata, don haka ana iya bin karatun malami ba tare da an buɗe YouTube ana jan mutum zuwa wani bidiyon ba.

Wani abin da zai yi muku amfani sosai: a shafin WordPress kowane sashe yana da nasa. Idan jarida tana da sashen ilimi, kuna iya bin shi kaɗai, ku bar siyasa da ƙwallo.

Manhaja kuma, a Android akwai Feeder, kyauta ce, ba ta neman rajista. Masu iPhone akwai NetNewsWire. Feedly da Inoreader suna aiki a ko'ina amma sai an buɗe asusu. A kwamfuta, Thunderbird da wasu ke duba imel da ita tana karanta RSS.

Hajiya Zainabu, Marwa: Mene ne bambancin mai rajista da marar rajista? Ni ba na son ba da lambata ko'ina.

Muhammad Sale, Injamena: Hajiya, wannan tambaya tana da muhimmanci a wurinmu fiye da mutanen Turai, saboda wuta da rezo. Marar rajista, wayarku ce ke zuwa shafin kai tsaye. Babu kamfanin da ke riƙe da jerin abin da kuke karantawa, ba a neman lamba, ba a neman imel. Mai shafin yana iya ganin cewa wata na'ura ta zo daga wani layi, amma bai san sunanku ba. Matsalarta ɗaya: fayil ɗin ba ya ɗaukar komai da komai, na baya-bayan nan kaɗai yake riƙewa. A WordPress, idan ba a canza ba, guda 10 ne. To ku ɗauka wuta ta ɗauke, ko kun tafi ƙauye inda babu rezo kwana huɗu, jarida kuma ta wallafa labari 40. Kuna dawowa 10 na ƙarshe za ku samu, sauran sun wuce.

Mai rajista kuma, kwamfutocin kamfanin ne ke zaryar dare da rana ko wayarku na kashe, su tara muku komai. Ba abin da zai wuce ku, amma sun san duk abin da kuke bi. Ni abin da nake yi, shafukan da ba sa yawan rubutu, irin na jami'a da na ƙungiyoyi, suna kan marar rajista, domin guda 10 kan kai su wata. Jaridu masu zuba labari kowace sa'a, idan wani ya wuce ni ban yi asarar komai ba.

Hajiya Zainabu, Marwa: Allah ya yi albarka. Ni dai karatu a waya yana gajiyar da idona, na fi son saurare.

Nafisa, Ngaundere: To ai Inna ku ma kuna ciki. Shirye-shiryen sauti da ake sauraro a waya, waɗanda ake kira fodkas, a kan RSS aka gina su tun farko. Fayil ɗin iri ɗaya ne, sai dai kowane labari an rataya masa adireshin sauti. Shi ya sa shiri ɗaya ake samunsa a manhajoji daban-daban. Akwai AntennaPod a Android, kuna iya sa ta sauko da shiri lokacin da rezo ke da ƙarfi, ku saurara daga baya kuna aikinku ba tare da intanet ba.

Abakar, Kusseri: Ni har yanzu akwai abin da bai kwanta mini ba, kuma ba gardama nake nema ba. Na farko, labarin da ke ciyar da ni ba ya kan wani shafi. Farashin albasa, ko an buɗe gada, ko ana iya bin hanyar Mora zuwa Dabanga bayan ruwa, duk a bakin direbobi da saƙon murya na WhatsApp nake samu. Na biyu, ofisoshi nawa ne a arewacin nan ke da shafin da ake sabuntawa? Sanarwa takarda ce ake bugawa, a sa hatimi, wani ya ɗauki hotonta ya watsa. Na uku, idan mutum shi ke zaɓar wanda zai saurara, ai sai ya zaɓi masu ra'ayinsa kawai ya rufe kunnensa.

Malam Habu, Garwa: Abakar, maganarka ta biyu ta taɓa ni, domin a nan ne ake cutar yaranmu. Hoton takarda mai hatimi kowa na iya haɗa shi a kwamfuta. Na ga wata sanarwar ɗaukar ma'aikata da ta zaga zaurukan iyaye, da tambari da sa hannu, a ƙasa an ce a tura kuɗin dosiye, wato takardun neman aikin, ta waya zuwa wata lamba. Wata bazawara a unguwarmu ta sayar da akuyarta ta tura saboda ɗanta. Babu aikin, babu kuɗin. Da akwai wuri ɗaya da za a ce mata, idan ba ki gan shi a nan ba to ƙarya ne, da akuyarta na nan. Ni abin da ya ja hankalina a bayanin Nafisa shi ne duk abin da ya shigo an san ƙofar da ya fito.

Nafisa, Ngaundere: Haka ne Baba, amma in ƙara da cewa sanin ƙofa ba shi ne tabbatar da gaskiya ba. Idan kuka sa shafin maƙaryata a jerinku, ƙarya za ta riƙa zuwa muku a kan lokaci. Abin da kawai yake ba ku shi ne babu wanda ya taɓa saƙon a hanya, kuma kuna iya danna shi ku koma asalinsa.

Yaya Abakar, ta farko na ba ka gaskiya ɗari bisa ɗari, labarin hanya da kasuwa a bakin mutane yake, kada ka bar zaurenka. Ta uku kuma ban yarda ba. A Facebook ma an zaɓa maka, sai dai ba ka san da wane ma'auni ba, kuma ba za ka iya buɗe jerin ka gyara ba. A nan jerin yana gabanka. Idan ka ga duk masu goyon bayan gwamnati ne, ko duk 'yan adawa ne, ka ƙara ɗaya daga ɗaya ɓangaren. Ni ina da jaridun Yawunde da na Duwala da na arewa a jaka ɗaya, kuma sau da yawa bambancin yadda suka ba da labari ɗaya shi ke koya mini abu.

Yusha'u, Marwa: To tashoshin WhatsApp da aka fito da su a 2023 fa? Su ma ai bi kake yi, sabon abu ya zo maka a jere.

Muhammad Sale, Injamena: Suna da kyau, ina bin wasu. Amma suna cikin WhatsApp. Ranar da aka toshe shi sun tafi tare. Kuma ba za ka iya kwashe su ka kai wata manhaja ba. A RSS akwai fayil da ake kira OPML, jerin duk shafukan da kake bi ne. Ka fitar da shi, ka ajiye a katin waya, ka sa a sabuwar waya ko wata manhaja, komai ya dawo yadda yake. Kana ma iya tura wa wani. Malam, idan kuna so in tura muku nawa na jaridu ku fara da shi, ku goge wanda ba ku so.

Ɗanjuma, Ngaundere: Ina bin ku tun ɗazu ban yi magana ba. Ni ke kula da shafin ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu. Yanzu na ƙara /feed a adireshinmu, sai ga rubutu ya cika allo, da kanun sanarwoyinmu a ciki. Ashe muna da shi. Me ya kamata in gyara?

Nafisa, Ngaundere: Madalla, Yaya Ɗanjuma, ai amsar maganar Yaya Abakar ta biyu a hannun irinku take. Ka shiga saitunan WordPress na shafinku, sashen karatu. Akwai wurin zaɓar ko a fitar da rubutu duka ko taƙaitawa. Ka zaɓi duka. Jaridu suna taƙaitawa ne don a shiga shafinsu a ga talla, ku kuma ba talla kuke sayarwa ba, kuma mutumin da ke Tibati ko Yagwa da rezo mai rauni gara sanarwar ta sauka gaba ɗaya a wayarsa ya karanta ko babu layi. A wurin nan dai za ka ga lambar 10, ka mai da ita 30 saboda abin da Yaya Sale ya faɗa.

Sai babban roƙona: kada ku sa hoton takarda kaɗai. Ku sa hoton don hatimi, amma ku rubuta abin da ke ciki da haruffa, musamman rana da wuri da abin da za a kawo. Hoto yana da nauyi, ba a iya bincika kalma a cikinsa, kuma manhajar da ke karanta wa makafi rubutu ba ta ganinsa.

Malam Habu, Garwa: Ɗana ya sa mini Feeder yanzu. Shafuka huɗu sun shiga, biyu sun ƙi, ta ce ba ta sami komai ba.

Muhammad Sale, Injamena: Waɗannan biyun wataƙila ba su da shi ne, Malam, ba laifin wayarku ba ne. Su sai dai ku ci gaba da leƙawa da hannu, ko ku rubuta wa masu shafin ku roƙe su su kunna. Ga wanda ya san aikin, ba ya ɗaukar lokaci.

Abakar, Kusseri: Ni zan sa na jaridu in gani zuwa ƙarshen wata. Amma saƙon direbobi yana nan daram.

Ɗanjuma, Ngaundere: Na gyara duka biyun. Tambaya ta ƙarshe, Nafisa. Mun sa sanarwar taro, yanzu an ɗaga ranar. In shiga tsohuwar in canza kwanan wata?

Nafisa, Ngaundere: Ka canza a tsohuwar, amma kada ka tsaya nan. Lambar shaidarta ba ta canza ba, don haka manhajoji da yawa za su ɗauka an riga an karanta ta, ba za su sake nuna wa kowa ba. Ka fitar da sabuwar sanarwa daban, ka sa sabuwar ranar a cikin kanun kanta, domin wasu kanun kaɗai suke karantawa. Idan ka fitar ka faɗa mana a nan, ni da Baba mu duba ko ta shigo, mu kuma ga ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai.